Tun yaushe mata suka fara ƙarin gashi?

Ɗaliba, Yelwa: Assalamu alaikum. A Kasuwar Wunti rumfunan atach sun yawaita ƙwarai, shin ƙarin gashi baƙon abu ne, ko kuwa yana da tarihi?

Malamar Tarihi, Bauchi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin ya daɗe matuƙa. Mutanen tsohuwar Masar suna ɗaura gashin mutum a kan nasu suna liƙe shi da kakin zuma, kuma a Amarna, wani tsohon birni na Masar, an tono gawar wata mace da ta rayu fiye da shekara 3,000 da suka wuce, kanta ɗauke da ƙarin gashi kusan 70. Ɗinka gashi a kan kitso kuwa, wata Ba'amurkiya, Christina Jenkins, ta yi masa rajistar haƙƙin ƙirƙira a farkon shekarun 1950, sannan kamfanin Kaneka na Japan ya fito da zaren roba na Kanekalon a 1957, wanda daga baya ya sauƙaƙa farashi.

Mai Kitso, Gombe: Malama ta yi bayani. Iyayenmu ma suna cusa tsumma ƙarƙashin kitson doka domin ya yi tudu. Yanzu amare sun fi son gashin mutum, wanda da yawansa daga Indiya yake fitowa, inda masu ziyarar haikalin Tirumala na mabiya addinin Hindu suke aske kansu. Sai dai idan aka ja kitson da ƙarfi, gashin goshi yakan zube.

Baba Malam: 'Yata, Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin la'antar mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa, malamai kuma sun yi saɓani game da zare da ulu.