Shata Yankunan Ƙidaya: Abin da Muka Gani a Ƙasa

Tsohon mai sa ido, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wanda ya taɓa riƙe taswirar yankin ƙidaya a hannunsa ya kawo abin da ya gani, masu tasowa su ƙaru. Bari in share fage. A Najeriya ana gangarowa ne daga jihohi 36 da Abuja zuwa ƙananan hukumomi 774, sai mazaɓa, sai gari ko unguwa, a ƙarshe yankin ƙidaya. Shi ne mafi ƙanƙanta: 'yan ɗaruruwan mutane, daidai abin da ma'aikata za su gama cikin kwanakin da aka ware. Sharuɗɗansa uku ne. Kada ya tsallaka iyakar ƙaramar hukuma, kada wani ya hau kan wani, kada a bar ko taki ɗaya a tsakani ba mai shi. Sai a haɗa 'yan yankuna maƙwabta a ba mai sa ido ɗaya. In aka yi kuskure a nan, ko dai a ƙirga gida sau biyu, ko a tsallake shi ɗungum.

Mai zanen taswira, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni maganata kan iyaka ce. Iyakar kirki ita ce wadda ƙafa za ta bi, ido ya gani, kuma bayan shekara biyar a tarar da ita: kwalta, layin dogo, kogi, babbar kwata, ganuwa. Wadda ke jawo ɓacin rai ita ce irin "daga bishiyar darbejiya zuwa shagon mai shayi". A sare darbejiya, mai shayi ya tashi, shi ke nan iyaka ta ɓace.

Hoton tauraron ɗan'adam ya rage wahala ƙwarai, amma a cikin birni ba ya isa. Daga sama rufin kwano duk a manne yake, lungun da bai fi kamu biyu ba ba ya fitowa, balle wanda aka rufe samansa. Dole a taka. Ga kuma gida mai ƙofa biyu, ɗaya a wannan lungu, ɗaya a wancan, kowace ta faɗa yanki dabam. Maganinsa a tsayar da magana tun ranar farko: inda zaure ya buɗe, nan gidan yake. Wajen zagaye kuma a fara daga kusurwa ɗaya, a bar gine-gine ta gefen hannu guda, kada a tsallaka titi don an hango gida kusa.

Ma'aikaciyar lissafin gidaje, Katsina:
Yaya, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Gini dabam, iyali dabam, kuma a nan sababbin ma'aikata suke faɗuwa. Ma'aunin shi ne tukunya. Gidan gado mai sassa biyar, in kowane sashe da murhunsa, iyali biyar ne ko da zauren ɗaya ne. Gidan haya mai ɗaki goma yana iya zama iyali goma. In aka ƙiyasta yawan jama'a da yawan rufi kawai, sai yankin da aka zata ƙarami ya fi ƙarfin ma'aikatansa, su yi ta sauri, su bar mutane.

Lambar da ake rubutawa da alli a bango ruwa ɗaya ke wanke ta, ko mai gida ya yi yaɓe a kai. A rubuta ta can sama ƙarƙashin indararo, a nuna wa mai gida. Kuma a sa mace cikin tawaga, don ba kowane gida namiji zai wuce zaure ba. Tsangaya, makarantar kwana da asibiti a yi musu alama tun wajen shata, lissafinsu ba irin na iyali ba ne.

Jami'in fili, Damaturu:
Hajiya, a karkara matsalar ta juya: mutane kaɗan, ƙasa mai faɗi. Yanki ɗaya sai ya kwashe ƙauyuka uku da rugage, tsakaninsu tafiyar awa. Rugar da aka sa a taswira da damina, da rani sai shara da toka. Tungar masunta ma haka. Tunda ana ƙirga mutum ne a inda aka same shi lokacin ƙidaya, a tambayi ardo da dagaci inda ake sauka a watan da za a yi aikin.

Abu mafi zafi shi ne ƙauyen da dagatai biyu ke ja a kansa. Mutane na ɗauka layin taswira zai raba gona ko sarauta. A zauna da hakimi kafin a shiga, a faɗa a fili cewa wannan iyaka ta ƙirga ce kawai, ba ta mallaka ba.

Sannan taswira na tsufa. Ƙidayar ƙarshe ta Maris 2006 ce, wadda ta ba da mutum miliyan 140.4. Wadda aka shirya a Mayun 2023 ɗage ta aka yi, alhali an riga an yi shata. Filin bayan gari da aka zana fanko, yau unguwa ce har da masallacin Juma'a. Sai an sake bin gefen birane kafin a tura kowa.

Ɗan zango, Kumasi:
Manya, ga yadda Gana ta yi a ƙidayar 2021. Yankuna kashi uku ne: gari ɗaya da ya zama yanki ɗaya, babban gari da aka yanka zuwa yankuna da dama, da ƙananan ƙauyuka da aka haɗa wuri guda. Zango na kashi na biyu. Abin da ke rikita aiki a nan shi ne gari mai suna biyu, na hukuma da wanda mazauna ke kira. A rubuta duka biyun a bayanin yanki, in ba haka ba ma'aikaci zai yini yana tambayar sunan da ba wanda ya sani a unguwar.