Jakar hannu kilo 7 da kayan kwalliyar biki: yaya zan shirya kada a caje ni a filin jirgi?

Maman Ilham, Riyad

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jirgi. Zan je Kano bikin ƙanwata, kwana 12. Tikiti biyu na yanka: Riyad zuwa Jidda a jirgi mai araha, sai Jidda zuwa Kano ta Adis Ababa a wani kamfanin daban. A na farkon jakar hannu kilo 7 kawai aka rubuta, na biyun kuma akwati biyu. Ina son tafiya da man shafawa, man gashi, man kaɗe, dilka, humra, turaren wuta, miski, lalle da kayan fuska. Wanne zai shiga jakar hannu, wanne sai akwati? Kuma ta ina ake cajin mutum ƙarin kuɗi, don in toshe tun daga gida? Allah ya saka da alheri.

Abu Sadik, Jidda

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Kafin a zo kan kwalabe, babbar matsalar tana cikin tikitin nan biyu. Tunda ba a haɗe kika yanke su ba, kowane kamfani da dokarsa yake aiki, kuma na farkon babu ruwansa da akwati biyun da na biyun ya ba ki. Idan kika isa filin jirgin Riyad da akwatuna, sai kin biya kuɗinsu har Jidda. Ki shiga manhajar kamfanin tun yanzu ki sayi nauyin da kike buƙata. Farashin da ke manhaja shi ne mafi sauƙi, na teburin awo ya fi shi tsada, na bakin ƙofar shiga jirgi kuwa ya fi duka. Kafin ki biya ma, ki haɗa lissafi: kuɗin tikitin mai araha da kuɗin akwati biyu, ki gwada da tikitin da ya zo da kayansa a ciki. Sau da yawa arahar tana ƙarewa a nan.

A Jidda sai kin karɓi akwatunanki da kanki kin sake kai su awo, kuma yana yiwuwa ginin da kika sauka ba shi ne na tashi ba, har sai an hau mota. Ki bar tazarar awa huɗu zuwa biyar. Idan jirgin farko ya makara kika rasa na biyu, kamfanin na biyu ba ya ɗaukar nauyin komai.

Sai abin da ya fi kama mutanenmu. Akwati biyu masu kilo 23 ba kilo 46 ba ne da za ki raba yadda kika ga dama. Kowane akwati da awonsa. Ɗaya ya yi 28 ɗaya ya yi 18, za a caje ki kan mai 28, ko a ce ki buɗe ki rage a gaban jama'a. Wanda ya haura kilo 32 kuwa ko da kuɗi ba a karɓa, saboda ma'aikatan da ke ɗaga shi. Girma ma ana dubawa: tsawo da faɗi da kauri idan aka haɗa kada su wuce santimita 158, har da tayoyi da mariƙi. Babban akwati mai tauri shi kaɗai yana cin kilo 4 zuwa 5 tun ba a sa komai ba, ki sa wannan a lissafi. Ki sayi ƙaramin sikelin nan na rataya, ki tsaya a kilo 22, don sikelin gida da na filin jirgi ba sa cika daidaita.

Jakar hannu ma ana ɗora ta a sikeli, musamman a jirage masu araha irin flynas da flyadeal. Ki karanta tikitinki ki ga ko jakar rataya ta mata tana cikin kilo 7 ɗin ko an ware ta. Idan ba a fayyace ba, ki shirya yadda ƙaramar za ta shige cikin babbar.

Sauran ƙananan hanyoyin cin kuɗin su ne zaɓen kujera, abinci, inshora da saƙon waya. Wasu sukan zo da alamar amincewa a kansu tun farko, sai kin cire da hannunki. Ki kuma tabbata sunan da ke tikiti harafi da harafi shi ne na fasfo, don gyaran suna ma kuɗi ne.

Kada ki yi amfani da jakar Ghana-must-go. Kamfanin jirgin Ethiopian, masu bi ta Adis, sun hana ta tun ƙarshen 2023 sai in an sa ta cikin kwali ko wani abu mai tauri, saboda tana maƙalewa a bel ɗin kaya. Filin jirgin Jidda ma ba ya karɓar ƙunshin da aka ɗaure da igiya ko aka naɗe da zane.

Hajiya Turai, Shara Mansur, Makka

Sannu 'yata, Allah ya sanya alheri a bikin. Abu Sadik ya gama da tikiti, bari in ɗauki kayan kwalliyar.

Dokar jakar hannu ita ce kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, kuma dukkansu su shige leda ɗaya fara mai zif, mai cin lita 1, wajen santimita 20 kowane gefe, ta rufu ba tare da an danna ba. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Robar man shafawa mai 400 da ɗan kaɗan a gindinta kwandon shara za ta tafi. Abin da suke kira ruwa kuma ya fi yadda muke zato faɗi: duk abin da zai zuba, ko a matso shi, ko a fesa, ko a lakata da yatsa. Saboda haka man kaɗe, basilin, makilin, fandeshan, maskara, kwaɓaɓɓiyar dilka da lallen da aka riga aka kwaɓa a leda duk suna ciki. Hoda, kwallin gari, janbaki na sanda, sabulun ƙwarya, garin lalle da itacen turaren wuta ba sa ciki.

Tunda kina da akwatuna, kada ki wahalar da kanki wajen cusa komai a ledar nan. Abin hanya kawai za ki sa, da na kwana biyu ko uku, ko da akwati zai makara a Adis. Man shafawa mililita 100, man fuska 15, sabulun wanke fuska 30, ƙaramin makilin, fandeshan a ɗan ƙoƙo mai 10, turaren fesawa a 'yar kwalba mai 5, wadda take ba da feshi kusan hamsin. Miski da oud dama a tola ake sayar da su, tola ɗaya kusan mililita 12, rubu'inta 3, don haka su ne mafi dacewa da jakar hannu, kuma su ne masu tsadar da bai kamata su yi nisa da ke ba. Saitin ƙananan robobin tafiya ana samunsa a Nahdi da Al-Dawaa da shagunan Abu Riyalain.

Wajen juyewa, ki wanke robar ki bar ta ta bushe ƙarau, don ɗigon ruwa cikin man shafawa yana sa shi ya tsinke ko ya yi wari. Mai kauri ki ja shi da sirinji marar allura, mai ruwa-ruwa ki yi da ɗan mazurari. Ki rubuta sunan kowanne a jikinsa. Turaren mai da humra a gilashi kawai za ki zuba, domin suna cin wasu robobin, su yi laushi, ƙamshin ma ya canja.

Yanzu ga dalilin da ya sa kwalabe ke zuba a jirgi ko da an ɗaure murfi. Idan jirgi ya yi sama, iskar cikinsa tana raguwa ta koma kamar ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Iskar da ke kulle cikin robarki sai ta kumbura, in kuma robar a kwance take, man ne a bakin murfi, shi za ta turo waje. Maganinsa: roba mai matsuwa ki matsa ta har man ya zo baki sannan ki rufe, iska ta fita ke nan. Ki buɗe murfin ki shimfiɗa 'yar ledar rufe abinci a bakin, ki mayar da murfin a kai, ki zagaye da salatif. Mai famfo ki murɗe kansa ya kulle, in ba ya kullewa ki canja masa mazubi. Humra ta fi kowa ta'adi, don tana da mai tana da launi, in ta taɓa leshi ko shadda sai dai haƙuri. Kowace kwalba da ledarta, a naɗe ta da safa ko ɗankwali, a sa ta tsakiyar akwati, nesa da kusurwa da kuma kayan da za ki sa ranar biki.

Man kaɗe yana narkewa da zafin da bai fi na jiki ba sosai, man kwakwa ma tun daga digiri 24. Akwatin da ya tsaya a rana a filin jirgin Jidda zai mayar da su ruwa, sai ki shirya su kamar ruwa. Ni dai a ganina ma kada ki ɗauke shi. Man kaɗe, garin lalle da sabulun salo suna nan jibge a kasuwar Kurmi da Rimi, sun fi na nan kyau da araha. Kilonki ki bar shi wa abin da ake jira daga Saudiyya: miski, oud, bakhur, dabino da abaya.

Maman Ilham, Riyad

Na gode ƙwarai Hajiya, na gode Abu Sadik. Saura abu uku: gawayin turaren wuta da kaskon lantarki mai caji, ruwan Zamzam, sai kuma turaren da ake saye a shagunan cikin filin jirgi, zai wuce Adis?

Ummu Haidar, Madina

Anti, gawayi ki bar shi gaba ɗaya, musamman mai kamawa da ashana ɗaya. Yana cikin kayan da ke iya kama wuta, ba a yarda da shi ba a akwati ko a hannu, kuma shi ne ke sa a buɗe akwatin mutum a bayansa. Kaskon mai batirin caji a jakar hannu zai zauna, a kashe, a goge tokarsa. Haka fawa bank da abin miƙar da gashi marar waya mai batirin litiyam: su ma ba sa shiga akwatin awo. Fawa bank iyakarsa 100Wh (ma'aunin ƙarfin batir) ba tare da neman izini ba, mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, bai kai iyakar ba.

Akwatin awo ma yana da iyaka kan turare mai sinadarin barasa, da na gwangwani mai feshi, da abin goge farce. Kowane ɗaya kada ya wuce mililita 500, jimillarsu duka kada ta wuce lita 2 ga mutum ɗaya. Mai sayen turaren tsaraba dozin-dozin ya kula da wannan, in ya yi yawa gara a ba masu kargo. Gwangwani kuma da murfinsa, don kada kaya su danne kansa ya fesa har ya ƙare. Almakashi, reza da abin yanke farce ki jefa su akwati, kada a tsaya gardama da ke a wurin bincike.

Zamzam ba a sa shi cikin akwati, na'ura tana ganinsa, a fitar da shi, wani lokacin akwatin ya rasa jirgin. Wanda ake karɓa shi ne mai lita 5 a kwalinsa na musamman da ake sayarwa a filin jirgi, ɗaya ga mutum ɗaya, kuma an tsara shi ne don mahajjata da masu umara. Tunda ke mai iƙama ce, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ki tambayi kamfanin jirgin kafin ki saya.

Turaren shagunan ciki zai iya wuce mililita 100 idan sun sa shi a ledarsu ta musamman mai hatimi da rasit a ciki, kuma ba ki buɗe ba har Kano. A Jidda za ki saya, bayan kin wuce bincike, ba a Riyad ba, domin na Riyad zai sake bi ta binciken Jidda kamar kowace kwalba. Ki sani kuma a Adis ana sake bincike, kuma hukuncin ƙarshe na jami'in da ke wurin ne. Idan turaren mai tsada ne, ki saye shi a gari ki naɗe shi a akwati.

Baban Walid, Dammam

A jiragen cikin gida ai ba kullum suke tsananta maganar mililita 100 ɗin nan ba. Riyad zuwa Jidda za ta iya wucewa da manyan kwalabenta.

Abu Sadik, Jidda

Ko da sun bari a Riyad, Malam, jakar nan ce dai za ta shiga binciken jirgin ƙasa da ƙasa a Jidda bayan 'yan awanni, sannan na Adis. A lokacin akwatuna sun riga sun shige, babu inda za ta mayar da kwalbar, sai dai a karɓe. Gara ta shirya sau ɗaya daga gida bisa doka mafi tsanani.

Maman Ilham, ledar kwalaben ki sa ta a saman jakar, inda hannu zai kai ba tare da kin zazzage kaya ba. Ki ɗauki hoton akwatunan da na takardar da ake manna musu. Ki kuma tafi da sikelin, saboda dawowa ma awo ne, kuma tikitin Jidda zuwa Riyad zai sake buƙatar ki sayi nauyi. A dawowar kada goro ya shiga kayanki, kada kuma ki karɓi ƙullin kowa da ba ki buɗe kin gani ba, ko haɗin gyaran jiki marar suna a jikin robarsa.