Aiki yana shigowa amma kuɗi ba ya zama: ina neman shawarar masu sana'ar zane

Mai Gawayi, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a. Na yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun da na gama hidimar ƙasa ba ni da wata hanyar samu sai zana fuskokin mutane da fensir da gawayi, wani lokaci da fenti. Aiki yana zuwa daidai gwargwado, musamman lokacin bukukuwa da walimar ritaya, amma idan wata ya ƙare sai in ga ko kuɗin sabuwar takarda babu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, wata uku da suka wuce wani bawan Allah ya zo ya ce in zana maigidansa a babban kanbas, za a miƙa masa ranar naɗin sarauta. Da na tayar da maganar kuɗi sai ya ce Alhaji ba a ciniki da shi, alheri zai yi mini. Na sayi fenti, na biya kafinta kuɗin firam daga aljihuna, na yi kwana 11 a kan aikin. An karɓa, an yaba, har an ɗauke mu hoto tare, amma har yau duk lokacin da na kira sai a ce Alhaji ya yi tafiya. Yaya kuke yanke farashi, kuma yaya kuke yi kuɗin sana'a ba ya narkewa a cefane?

Tsohon Malamin Zane, Kaduna

Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan rami kusan dukkanmu mun faɗa shi, ni kaina fiye da sau ɗaya. Kalmar alheri ita ta cuce ka, domin alheri kyauta ce, kuma ba a bin mutum bashin kyauta. Ranar da ka yarda aka cire farashi daga maganar, ranar ka tashi daga mai sana'a ka koma mai jiran tukwici a ƙofar gida. Kafintan da ya haɗa maka firam bai jira alheri ba, ya faɗi kuɗinsa kuma ka biya shi nan take.

Malamanmu na zaure sun daɗe da warware wannan, shi ya sa ake da kuɗin kafin alƙalami. Kada ka ɗora fensir a kan takarda sai an ba ka abin da zai sayi dukkan kayan aikin har ya yi saura, ni rabi nake karɓa, kuma zane ba ya fita daga ɗakina sai ciko ya shigo. Idan mai aikin yana son ya ga inda aka kai, ka ɗauki hoton ka tura masa ta WhatsApp, a nan kuma za ka rubuta girman zanen da kuɗinsa da ranar karɓa ya amsa da kansa, domin gobe kada a ce ba haka aka yi ba.

Game da farashi, ka ɗauki littafi ka rubuta abin da aikin ya ci: kanbas, fenti, firam, kuɗin mota zuwa kasuwa, har da man janareta idan da dare ka yi aiki. Sannan ka lissafa abin da gidanka yake ci a wata, ka raba shi da kwanakin da kake aiki da gaske. Kada ka raba da 30, domin akwai ranakun da ba kowa, akwai na jinya da na zuwa ɗaurin aure. Abin da ya fito shi ne kuɗin yininka, sai ka ninka shi da kwanakin aikin ka haɗa da kuɗin kaya, ka ɗora riba a kai. Mafi yawan matasa kuɗin kaya kaɗai suke lissafawa, su manta kwana 11 ɗin nan su ma an ci abinci a cikinsu. Kuma ka lissafa kaya a kan farashin da za ka sake sayensu. Wanda ka saya bara ya wuce. Fenti mai kyau da takarda daga waje ake shigo da su, kuma kowa ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ci gaba da sayarwa a tsohon farashi a lokacin, jarinsa ya cinye yana zaton riba ce.

Mai Zayyana, Kano

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina da ɗan ja a kan abu ɗaya. Neman rabin kuɗi yana da sauƙi ga wanda sunansa ya riga ya fita, amma mai tasowa idan ya tsaya a kan haka da kowa, wasu za su juya, kuma akwai ƙanin mahaifi ko mijin yaya da ba za ka iya ce masa sai ya biya ba. Abin da na koma yi shi ne, kuɗin kaya ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kansa, ko ɗan'uwa ne, ladan hannuna kuwa ina iya yafe shi idan na ga dama, kuma ina faɗa a fili cewa kyauta na yi, don kada a ɗauka farashin ke nan a je a gaya wa wasu.

Ni rubutun ayoyi da zayyana nake yi, kuma abin da ya riƙe ni ƙananan ayyuka ne, manya kuwa sai jefi-jefi. Akwai gidaje da yawa da ba za su rataya hoton mutum a bango ba, amma za su sayi Ayatul Kursiyyu a ƙaramin firam don ɗakin amarya, ga kuma allon zayyana lokacin saukar karatu. Ka nemi wani abu irin wannan da za ka iya yin goma a mako, ya riƙa biyan haya. Kafin azumi da lokacin dawowar alhazai kasuwa tana buɗewa, da damina kuwa sai a yi mako biyu ba a tambaya ba, don haka nake shiga adashi in roƙi a ba ni kwasa a watan da na san babu ciniki.

Maganar cefane kuma, asusu biyu nake da shi. Duk kuɗin aiki yana shiga ɗaya, ranar 1 ga wata in tura wa kaina albashi a ɗayan, ko an samu da yawa ko kaɗan adadin ba ya canzawa. Wata uku na farko na sha wuya, domin hannu ya saba. Idan za ka aika zane wani gari ta tasha, ka cire gilashin ko ka sa na roba, kuma kuɗin direba a kan mai saye yake. Na taɓa aika firam uku Jos suka isa a farfashe, ni na ɗauki asarar.

Ɗan Lauya, Abuja

Malam, zan ƙara abu biyu ta fuskar doka. Na farko, ka yi wa sana'arka rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, domin da ita za ka buɗe asusun banki da sunan sana'a, kuma ma'aikatu da kamfanoni sun fi sakin kuɗi ga wanda ya kawo musu takardar neman biya mai suna da adireshi. Na biyu, a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, sayar da zane ba ya nufin an sayar da ikon buga shi. Wanda ya sayi kanbas ɗin nasa ne ya rataya, amma idan za a buga shi a kalanda ko riguna a sayar, wannan ciniki ne daban, kuma miƙa haƙƙin gaba ɗaya sai a rubuce. Haƙƙin zane yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato magadanka ma suna da rabo. Sai dai hoton fuskar mutum da ya sa ka zana masa don gidansa, ka nemi izininsa kafin ka sa a Instagram.

Shi kuwa aikin Alhaji, tun da ba a yanke kuɗi ba, kotu za ta ci maka fiye da abin da kake bi. Ka rubuta takarda cikin ladabi, ka jera abin da ka kashe da ladan aikinka, ka nemi wanda yake shiga wurinsa ya miƙa masa hannu da hannu. Sau da yawa maigidan bai ma san ba a biya ba, ko kuma ya bayar kuɗin ya tsaya a hanya.

Mai Gawayi, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na zauna da littafi jiya da dare na yi lissafin da ka ce, sai na tarar zanen fensir da nake sayarwa naira 25,000 yana cin kwana uku, kuma bayan an cire takarda da firam abin da ke saura bai kai kuɗin yini biyu ba. Takardar Alhaji na rubuta ta, limamin unguwarmu ya san shi, ya ce zai kai masa bayan sallar Juma'a. Hajiya Mai Zayyana, ina so ki ƙara mini bayani a kan albashin nan: a watan da abin da ya shigo bai kai adadin ba, daga jari kike cikawa ko haƙura kike yi?