Dillalin sabar girgije ya bar ni a rana, wa zan kama?

Salam 'yan uwa, don Allah masana ku taimaka min. Manhajar shagonmu tana kan sabar girgije ne (wato kwamfutar wani babban kamfani da ake haya ta intanet), amma ta hannun wani dillali muka karɓa saboda shi naira yake amsa, mu kuma katin dala ya gagare mu. A yarjejeniya ya rubuta cewa sabar za ta riƙa aiki 99.9% na lokaci, wato a lissafina bai kamata ta tsaya fiye da minti 43 a wata ba, to ranar Asabar awa biyar cur tana kwance, kwastomomi sun cika kanta muna rubuta rasit da biro. Na kira shi yace laifin babban kamfanin ne, su kuma ko sunana ba su sani ba tunda asusun nasa ne. Wa zai biya ni diyya? Kuma da me zan riƙa auna tsayawar da kaina don in samu hujja?