Antibayiros ɗin da ya zo da kwamfutata ya ƙare, me zan saka?

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Laftof ɗin gidanmu Windows 11 ce. Ina ajiye takardun aiki da hotuna a ciki, yara kuma suna wasa da aikin makaranta a kanta. Antibayiros na gwaji da ya zo da ita wa'adinsa ya cika, kullum sai jan saƙo ya faɗo a kusurwa wai in biya ko kwamfutar na cikin haɗari. Ƙanena ya ce in saka na kyauta guda biyu, in ƙara da fayawol daban. Haka ne? Ni dai kada hotunan nan su salwanta.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki saka biyu. Kowanne so yake ya riga duba fayil kafin a buɗe shi, sai su yi ta kokawa a kan abu ɗaya, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokacin ma ɗaya ya kama ɗayan a matsayin ɓarawo.

Ki cire wanda ya ƙare ɗin gaba ɗaya, ki kashe kwamfutar ki kunna. Windows na da nata mai gadin, Microsoft Defender, wanda yake ja gefe in ya ga an saka wani. Ki buɗe Windows Security ki tabbatar akwai koriyar alama a ɓangaren bayiros da na fayawol.

Fayawol kuwa tun 2004 take zuwa a kunne cikin Windows. Aikinta tare duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje ba a gayyace shi ba, rautar gidanki (na'urar da ke raba intanet a gida) ma tana yin kusan haka. Amma in yaro ya sauko da wasan sata da hannunsa ya danna "na yarda", ba ruwan fayawol. Yawancin kwamfutocin da ake kawo mini ta nan cutar ta shiga.

Abu Hanif:
Ni na kuɗi nake amfani da shi, saboda yana ba ni damar toshe wa yara wasu shafuka a na'urori da yawa lokaci guda. In kina son gwadawa, kada ki bi talla, ki duba sakamakon cibiyoyin da ke gwada antibayiros, AV-TEST ta Jamus ko AV-Comparatives ta Ostiriya. Gaskiya Defender ma yana samun maki mai kyau a wurinsu. Abin da zan ƙara: ki buɗe wa yaran asusunsu daban wanda ba na mai iko ba, yadda ba za su saka manhaja mai taɓa tsarin kwamfutar ba sai da kalmar sirrinki.

Mai Gyara:
Wannan shawara ce mai kyau. Sannan Hajiya, kada ki riƙa ɗage sabuntawar Windows. Bayiros ɗin WannaCry da ya kulle fayilolin mutane a Mayun 2017, tun Maris Microsoft ta fitar da gyaran ramin da yake bi ya shiga Windows, waɗanda ba su sabunta ba su ya ci. Hotuna kuma ki kwafe su a wani faifai na waje, in kin gama ki zare shi. In kika bar shi a soke, abin da ya kulle kwamfutar zai iya kulle shi ma.

Maman Nana:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na cire shi, duk alamun sun koma kore. Yanzu sauran rigimar asusun yara, babbarsu ta riga ta san kalmar sirrina, sai na canza.