Wane suna za mu ba girkin manhajar kwamfuta da ba a tsayawa a kansa?

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar kwamfuta. Akwai kalmar da ta hana ni sakat, ina so mu tsayar da ita tare.

Makon jiya aka kira ni wata makaranta a Samaru, Zariya, in ɗora Debian, wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kwamfutoci ashirin. Wanda ya taɓa yi ya san irin zaman: harshe, kibod, yankin lokaci, suna, kalmar sirri, rabon diski. Ka gama da wannan ka matsa ta gaba, tambayoyin nan dai su ne, janareto kuwa sai shan mai yake. Sai na tattara amsoshin a fayil guda mai suna preseed.cfg, na haɗa shi da manhajar da ke ɗora Debian ɗin a filash. Amsar lokaci ma layi ɗaya ce tak: d-i time/zone string Africa/Lagos. Na kunna biyar, muka tafi La'asar. Muna dawowa muka tarar sun gama suna jiranmu. Yaron shagona ya ce, "Oga, wannan aikin me sunansa?" Wallahi bakina ya mutu.

Kowane gidan Linux da sunan da ya ba abin. Debian na cewa preseed, Fedora da Red Hat na cewa Kickstart, openSUSE na da AutoYaST, Ubuntu kuma ta kawo autoinstall a sigarta ta saba (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima), 20.04, a shekarar 2020. Dabarar ɗaya ce, ka ba da amsa tun ba a tambaye ka ba.

"Girka" dai ta zauna a matsayin "install", ko da yake a shagunan PZ "ɗorawa" muke cewa. Sauran rabin, wato ba a tsayawa a kansa, shi ne aiki. An ce "girki mai sarrafa kansa". Daidai ne, amma ya yi tsawo, babu mai faɗinsa yana riƙe da sukundireba. An ce "girki ba tsaro", wannan kam na ƙi, don mai ji zai ɗauka ƙofa aka bar wa ɓarayin intanet. Wani malamina a Kongo ya kawo "sallahu", saƙon da kake bari a aiwatar bayan ka tafi. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ta dace da fayil ɗin sosai.

Ni kuwa hankalina gona ya koma. Kakana yakan yi binne. Tun ƙasa na busasshiya, sama ba ta ko haɗa hadari ba, zai sari rami, ya jefa gero, ya take da diddige, ya koma gida. Ranar da ruwa ya sauka yana kan shimfiɗarsa shuka za ta kama. Ashe ma sunan da Debian ta zaɓa, preseed, daga iri da shuka ya fito, don "seed" iri ne da Turanci.

Har haɗarin iri ɗaya ne. Mai binne in ya yi kuskure ba ya nan balle ya gyara. Na taɓa rubuta /dev/sda, wato diski na farko, alhali diskin da nake nufi shi ne na biyu. Kwamfutar ba ta ce min uffan ba, ta share hotunan bikin mai ita tas. Na yi kwanaki ina ba da haƙuri.

Na san za a ce binne na tuna kabari. Gaskiya ne, amma manomi bai taɓa ruɗewa ba in an ce masa "mun yi binne bana".

To ga abin da na tsayar: aikin shi ne girkin binne, fayil ɗin kuma sallahu. "Rubuta sallahun, mu yi wa na ɗakin sama girkin binne." Jiya na gwada wa yaron, bai nemi ƙarin bayani ba, filash kawai ya ɗauka.

Mutanen Katsina, Sakkwato da Damagaram, ku ne iyayen gero. Binne kuke cewa ku ma, ko da wata kalmar a wajenku?