Mai jinyar Inna da wannan korona: ta dawo kwana, ko in sallame ta? (Mayun 2020)

Maman Ihsan: Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema. Mahaifiyarmu shekara uku ke nan tana kwance a gidana nan Gesse a Birnin Kebbi, ɓarin jikinta na dama ya shanye, ga ciwon suga. Akwai wata baiwar Allah, Gwaggo muke ce mata, ita ke mata wanka, ta juya ta, ta canza mata shimfiɗa. Daga Badariya take zuwa kullum cikin Keke Napep, a cakuɗe da mutane. Dubu 12 nake ba ta a wata. Tun da aka sa dokar hana fita daga takwas na dare ranar 4 ga Mayu, sai ta bar mu tun kafin isha'i. Yayana da ke Kaduna ya ce in sallame ta kada ta kwaso wa Inna cuta, shi kuwa an rufe hanya tsakanin jihohi, ba zuwa zai yi ba. Ita Gwaggo ta ce za ta dawo kwana in na kai mata dubu 20, in kuma riƙa sayen safar hannu. Ni cikina wata bakwai, ba na iya ɗaga Inna, kuma makarantar kuɗin da nake koyarwa ba ta biya mu ba tun da aka rufe a Maris. Ya zan yi?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, jinyar uwa ba a ba da ita haya. Aljannarki ce kwance a ɗakin nan. Ki sallame ta ki ɗaura ɗamara.

Ummu Khalil: Malam, ka karanta har ƙarshe kuwa? Wata bakwai ta ce. Da wane ƙugun za ta ɗaura ɗamarar?

Dan Jega: Dubu 20 ta yi yawa. Mu nan dubu 8 muke ba tamu, da abinci.

Hajiya Kulu Argungu: Taku me take yi? In shara da wanke-wanke ne, wannan 'yar aiki ce. Mai kwashe kashin babba ban ga wadda za ta karɓi ƙasa da 15 ba, ko kafin cutar.

Sista Rabi: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti. Maman Ihsan, tsohuwa mai suga tana cikin waɗanda cutar nan ta fi kayarwa, tsoron yayanki ba banza ba ne. Amma in kika sallami Gwaggo, abin da zai riga korona zuwa shi ne gyambon kwanciya. Mai irin wannan ciwo duk awa biyu ake juya shi. Ki duba ƙasan bayanta, da ƙugu, da dundunniya. In kin ga wuri ya yi duhu ko ya yi zafi, ya fara ke nan, kuma ga mai suga warkewarsa aiki ne. Kwanan ya fi, don ya raba ta da shiga Keke. Sai dai cutar kan ɗauki har kwana 14 ba ta nuna ba, don haka sati biyun farko ta riƙa sa takunkumi duk sanda za ta taɓa Inna, ta wanke hannu da sabulu kafin da bayan, a bar taga a buɗe.

Lantana: Ku yi haƙuri, tun ɗazu nake karantawa raina na ɓaci. Duk kuna ciniki kamar akuya kuke saye a kasuwar Ambursa. Ni wannan aikin nake yi. Shekara huɗu na yi wa wata Hajiya jinya a nan garin. 'Ya'yanta biyar, uku a Abuja, ba wanda ya san kalar bayanta sai ni. Ni na san in ta murza yatsa sau biyu fitsari take ji. Ni nake dama mata kunun tsamiya in tace da rariyar shayi don kada ta shaƙe, cokali ɗaya sai in jira maƙogwaronta ya motsa kafin in ba ta na biyu. A tabarma nake kwana gindin gadonta, damina da hunturu. Watan jiya na yi tari kwana biyu, tarin ƙura kawai. Babbar 'yar ta bugo daga Abuja, ba ni ta kira ba ma, mai gadi ta kira. Na dawo daga sayo magani na tarar da kayana cikin buhu a zaure, har da butata. Wata biyu nake bin su. Ba su bari na shiga na yi mata sallama ba, ina jin ta tana buga ƙarfen gado da zobenta, haka take kirana. Kwana 19 bayan nan ta rasu. Wanda ya gaya mini mai gadin ne, kuma ya ce wai ana cewa ni na kai mata ciwo. Ba wanda ya gwada ni, ba wanda ya gwada ta.

Ummu Khalil: Innalillahi. Allah ya jiƙanta, ke kuma ya saka miki, Anti Lantana.

Abu Sumayya: Wannan zalunci ne ƙarara. Haƙƙin ma'aikaci ba ya faɗuwa don mai gida ya tsorata. Ki je wurin mai unguwa ko limamin masallacinsu.

Lantana: Na je, Malam. Aka ce ina takarda? Wa ya taɓa rubuta takarda da irinmu? Ba mu da ƙungiya, ba mu da shugaba. 'Yan acaba ma suna da inda za su kai kuka.

Dan Jega: To ai ɓangare ɗaya muka ji.

Hajiya Kulu Argungu: Kai dai mai dubu 8, yi shiru.

Sarkin Albasa: Ni gwajin korona kyauta nake yi a Aliero. An ce mai ita ba ya jin wari. Duk wanda ya shigo rumbuna na albasa bai yi hawaye ba, a wuce da shi Kalgo, inda ake killace masu cutar.

Sista Rabi: Kai dai ba ka rabo da shiririta. Amma da gaske ne, ɗaukewar jin ƙamshi na cikin alamomin. Maman Ihsan, safar hannu ki sayi kwali, mai guda ɗari. Ni 3,500 na saya.

Maman Walida: A ina? Shekaranjiya 6,000 aka ce mini a kemis, kunzugun manya kuma ya kusa ninkawa. Ni na koma safar roba mai kauri ta masu wanki, in wanke da ruwan bilic in shanya. Shekara bakwai ina jinyar surukata, ba ta taɓa yin gyambo ba. Ba sai an je makarantar lafiya ba.

Sista Rabi: Ba na raina gogewarki, Yaya, amma surukarki ba ta yi zamanin annoba ba.

Maman Walida: Tana nan da ranta, yanzu na gama ba ta fura. Ku da ke cewa a sayi kwali, ai ku ake biya kuɗin haɗari.

Sista Rabi: Wane kuɗi? Dubu biyar ce duk wata, shekara da shekaru. Ƙarin rabin albashin da aka sanar a Afrilu na ma'aikatan asibitocin tarayya ne. Ni takunkumin da ke fuskata tela ya ɗinka mini da kuɗina.

Malam Bello Yauri: Ku ko dubu biyar ɗin an san da ku. Irin su Lantana ba su cikin lissafin kowa. Tun Janairun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, mu dai nan ba mu ga ko allonta ba. Da a ce masu jinya na gida za su haɗu ko a Facebook ne su rubuta sunayensu unguwa unguwa, da an samu abin kai wa masu rabon tallafi.

Dan Jega: Wane tallafi? A mazaɓarmu an rubuta sunaye sau biyu. Da aka zo rabo, taliya uku da mudun shinkafa aka ba gida mai mutum goma sha ɗaya, mu da muke noma shinkafar.

Maman Walida: Ku kun ga taliya. Mu cewa aka yi sai tsohuwa ta zo layi da kanta. Matar da ba ta taka ƙasa ba tun 2013!

Sarkin Albasa: Da kin kira ni da baro.

Maman Ihsan: Na gode duka. Yayana ya ce zai turo dubu biyar a wata, amma wai sai in ta yarda ba za ta leƙa gida ba ko ranar sallah, ita kuwa tana da jikoki marayu biyu a Badariya. Ban san yadda zan faɗa mata ba. Anti Lantana, don Allah ki duba saƙo, na yi miki magana ta gefe.

Dan Jega: Wai a Gwandu an ce har da man gyaɗa aka raba, gaskiya ne?